Fortnite a wajen Play Store: abin da ya faru a Agustan 2018 da abin da ya tona game da fayil ɗin APK

Ranar 15 ga watan Agustan 2018 wani injiniyan Google ya aika wa kamfanin Epic Games rahoto, ya haɗa da ɗan gajeren bidiyo. Abin da ke cikin bidiyon ba shi da yawa. Waya ce ƙirar Samsung, an buɗe 'yar manhajar da Epic ya yi domin sauko da wasan Fortnite, fayil ya sauko, waya ta girka shi shiru ba ta tambayi kowa ba. Da aka danna maɓallin fara wasa, sai wata manhaja can daban ta buɗe. Abin tashin hankalin shi ne 'yar manhajar saukewar ba daga shafin 'yan damfara aka ɗauko ta ba. Ta Epic ce ta gaskiya, daga hannun masu ita. Kwana shida ke nan da fitowar wasan a wayoyin Android.

Duk lokacin da aka tayar da zancen girka manhaja daga wajen Play Store, mutane kan rabu gida biyu. Wasu su ce kada ka kuskura, wasu su ce tsoratarwa ce kawai. Wannan lamari na Fortnite ya fi ƙarfin amsoshin biyu, kuma kusan kowane mataki nasa yana nan a rubuce da kwanan wata, domin daga baya rigimar ta kai kotu.

Dalilin Epic kuɗi ne, kuma bai ɓoye ba. A wancan lokacin Google yana cire kashi 30 cikin ɗari na duk abin da aka saya a cikin manhajar da aka sauke daga Play Store. Fortnite kyauta ake wasa da shi, amma 'yan wasa suna sayen sutura da rawa da sauran ado da kuɗin gaske, kuma daga nan ne ribar take. A wayoyin iPhone, inda wasan ya fito tun watan Maris na shekarar, Epic ba shi da zaɓi, domin Apple bai bar wata ƙofa ba sai tasa. Android kuwa tun asali yana da ƙofar gefe. Shugaban Epic, Tim Sweeney, ya sanar a farkon Agusta cewa ta nan za su bi. Kamfanin Sensor Tower mai ƙididdigar kasuwar manhajoji ya yi hasashen Google zai yi asarar dala miliyan 50 ko fiye kafin shekarar ta ƙare. Shekara biyar bayan haka, a zaman kotu a San Francisco, aka ji cewa Google ya yi wa Epic tayin yarjejeniyar dala miliyan 147 domin wasan ya fito a Play Store, Epic ya ƙi. Ranar 9 ga Agusta, a wajen bikin ƙaddamar da wayar Samsung Galaxy Note 9 a New York, Fortnite ya fito, da farko ga masu Samsung kaɗai na 'yan kwanaki, sannan ga sauran wayoyi.

Menene ainihin abin da ake saukewa

APK ba wani abin ban tsoro ba ne. Ƙunshi ne, irin matsattsen fayil ɗin nan na ZIP, aka canja masa suna. Wanda ya buɗe shi a kwamfuta zai tarar da lissafin umarnin da manhajar ke gudana a kai, da hotuna da sautuka, da wata takarda mai suna AndroidManifest.xml. A wannan takarda manhaja ke faɗin sunanta na hukuma, da irin izinin da take nema, da zubin Android ɗin da aka gina ta dominsa. Sunan hukuma ba shi ne wanda ake gani a fuskar waya ba. Na Fortnite shi ne com.epicgames.fortnite. A riƙe wannan, zai dawo. Duk manhajar da ke kan wayar Android, har wadda aka sauke daga Play Store, da wannan ƙunshin ta shigo. Bambancin kawai wanda ya miƙo maka shi.

Abu mafi muhimmanci a cikin ƙunshin shi ne hatimi. Duk mai yin manhaja yana da mabuɗin sirri na lissafi wanda yake buga wa fayil ɗinsa hatimi da shi, kuma Android ba ya girka fayil ɗin da ba shi da hatimi. Idan aka taɓa ko da harafi ɗaya a cikin ƙunshin bayan an buga, hatimin ya karye, waya ta ƙi karɓa. An ƙarfafa wannan tsari a Android 7.0 a 2016, inda hatimin ya koma rufe fayil ɗin gaba ɗaya maimakon ɗaiɗaikun abubuwan da ke ciki, aka sake gyara shi a Android 9 a 2018. Mutane da yawa da suka ji wannan bayani sai hankalinsu ya kwanta, su ce ashe waya tana dubawa. Tana dubawa, amma a san abin da take dubawa. Babu wata hukuma da ke ba da wannan mabuɗi. Kowa na iya ƙirƙirar nasa a cikin minti ɗaya, ya rubuta sunan da ya ga dama a jiki. Hatimi ba ya cewa mai shi mutumin kirki ne, ba ya ma cewa wane ne. Abin da yake cewa guda ne: wanda ya buga wannan shi ne ya buga wancan. Idan Fortnite na gaskiya yana kan wayarka, aka kawo wani fayil mai sunan hukuma iri ɗaya amma da wani hatimi, waya za ta kwatanta ta ƙi. Idan kuwa babu shi a wayar tukuna, babu abin da za ta kwatanta da shi. Wanda ya fara zuwa shi ne mai sunan.

Ma'ana, hatimi yana tsaron karo na biyu da na uku da duk sabuntawar da za ta biyo baya. Karon farko ba shi da mai tsaro sai mai waya da kuma hanyar da fayil ɗin ya biyo. Play Store aikinsa na gaske shi ne tsayawa a bakin wannan karo na farko. Epic ya ce zai iya tsayawa da kansa.

Tun kafin ya tsaya ma wasu sun riga shi. Daga Maris zuwa Agusta, wata biyar, masu iPhone suna wasa masu Android suna kallo, kuma da yawansu yara ne da matasa. 'Yan damfara ba su bar wannan ƙishirwa ta wuce banza ba. A watan Mayu masu binciken tsaro na Zscaler suka bayyana jabun Fortnite iri-iri, ciki har da wadda ke leƙen asirin waya. A watan Yuni kamfanin tsaro na Malwarebytes ya bi sawun bidiyoyin YouTube masu koyar da yadda ake sauke wasan a Android, alhali wasan bai ma fito ba. Jabun da suke turawa ta iya kwaikwayo. Ga tambarin Epic, ga hoton buɗewa da aka kwaso daga na iPhone, ga kiɗan wasan. Sai a ƙarshe ta ce sai an tabbatar mutum ne ba na'ura ba, kuma tabbatarwar ita ce ka sauke wata manhaja. Ka sauke, wasa bai buɗe ba, a ce ka ƙara wata. Kowace saukewa ana biyan mai damfarar lada, wasa kuwa babu shi tun farko. Da wasan gaskiya ya fito kuma aka ji ba ya Play Store, sai ƙaryar ta sami gindin zama, domin yanzu umarnin ɗan damfara da umarnin Epic sun zama iri ɗaya: je wani shafi, sauke fayil, kunna izinin da waya ta yi maka gargaɗi a kai. Google har sai da ya sa wata sanarwa a Play Store, duk wanda ya nemi Fortnite a gaya masa babu shi a nan, domin kada ya ɗauki wani abu mai kama da shi.

Wannan izini da ake kunnawa ma ba iri ɗaya ba ne a kowace waya. Kafin Android 8.0, wanda ya fito a 2017, maɓalli ɗaya ne tak a cikin saiti, na amincewa da kafofin da ba a sani ba. Ka kunna shi, ka buɗe wa kowace manhaja da ke wayar hanyar miƙo maka fayil ta ce ka girka, kuma yana nan a kunne har ranar da ka tuna. Yawanci ba a tunawa. Daga Android 8.0 aka raba izinin, kowace manhaja da nata: kana iya ba burauza ka hana manhajar saƙo. A Agustan 2018 mafi yawan wayoyin Android na duniya ba su kai wannan zubin ba.

Inda ɓarakar take

Fortnite babban wasa ne, saboda haka Epic ya raba aikin biyu. Da farko ka sauke 'yar ƙaramar manhaja, ita kuma ta sauko da ainihin fayil ɗin wasan, ta duba shi, ta girka. Ta kuwa duba. Tana lissafa zanen yatsan fayil ɗin, wato jerin haruffa da lambobi da ke canjawa idan aka taɓa fayil ɗin, ta tabbatar shi ne wanda Epic ya aiko. Kuskuren yana wurin da take ajiye shi.

Wayar Android tana da ma'ajiya iri biyu. Kowace manhaja tana da ɗakinta na kanta mai kulle, wanda wata ba ta iya leƙawa. Sannan akwai fili na kowa da kowa, inda hotuna da fayilolin da aka sauke suke zama. A wancan zamanin duk manhajar da aka ba izinin ma'ajiya tana iya karantawa da rubutawa a ko'ina a wannan fili, kuma izini ne da kusan kowace manhaja ke nema, mutane suna bayarwa ba tare da tunani ba. A wannan fili Epic ya ajiye fayil ɗin wasan. Saboda haka muguwar manhaja da ta riga ta shiga wayar, ko da a rigar tocila ko ta gyaran hoto, sai ta zauna tana gadin wurin. Ta ga fayil ya gama sauka, ta bari a gama duba zanen yatsansa, sannan a ɗan taƙin da ke tsakanin dubawa da girkawa ta ɗauke shi ta ajiye nata. An duba na gaskiya, an girka na jabu. Kwanaki kaɗan kafin nan, masu bincike na Check Point sun gabatar da irin wannan hari a taron masana tsaron kwamfuta na DEF CON a Las Vegas, suka nuna ba ƙananan kamfanoni kaɗai ke wannan sakaci ba.

A sauran wayoyi, aƙalla allon girkawa na Android zai fito ya tambaya, ko da yake wanda ke jiran Fortnite ba zai tsaya karatu ba. A Samsung abin ya fi muni. Domin a sauƙaƙa wa mutane, manhajar Epic tana amfani da wata hanya ta musamman ta kantin Galaxy Apps wadda ke girkawa shiru, kuma abin da wannan hanya ke dubawa shi ne sunan hukuma kawai. Fayil ya ce shi com.epicgames.fortnite ne, shi ke nan ya wuce. Hatimi kuwa, kamar yadda aka gani, ba shi da ta cewa a karon farko.

Akwai ƙari. Tun Android 6.0 a 2015 manhaja kan nemi izini ɗaya bayan ɗaya a lokacin da take buƙata, mai waya ya yarda ko ya ƙi. Amma domin kada tsofaffin manhajoji su daina aiki, an bar musu tsohon tsari: duk wadda takardarta ta ce an gina ta ne domin mataki na 22 ko ƙasa, wato Android 5.1 da na gabansa, a wancan zamanin ana ba ta duk izinin da ta lissafa tun lokacin girkawa. Sai jabun ta yi ƙaryar tsufa. Kamara, makirufo, saƙonni, lambobin mutane, wurin da kake, duka a hannunta, kuma ko jerin ba a nuna maka ba tunda shiru aka girka.

Epic bai yi gardama ba. Cikin kwana biyu ya fitar da zubi na 2.1.0 na manhajar saukewar, wanda ke ajiye fayil a ɗakinta na kanta. Gyaran ke nan, ba wani abu mai wuya ba, kuma abu ne da ke rubuce cikin jagorar da Google ke ba masu yin manhaja. Daga nan aka shiga rigima. Epic ya roƙi a riƙe bayanin har kwana 90. Hujjarsa mai ƙarfi ce: manhajar ba ta sabunta kanta sai an buɗe ta ko an buɗe wasan, saboda haka wanda ya sauke ta ya ajiye yana nan da tsohuwar. Google ya ce ƙa'idarsa ita ce idan gyara ya fita a jira kwana bakwai a bayyana, kuma ranar 24 ga Agusta ya buɗe rahoton ga duniya. Sweeney ya fito fili ya ce wannan rashin sanin ya kamata ne, kuma neman suna ne da lafiyar wayoyin mutane. Daga baya a takardun kotu Epic ya yi zargin cewa Google ya kafa kwamiti na musamman a kan Fortnite, kuma da gangan ya yaɗa labarin ɓarakar ga 'yan jarida domin a tsorata da barin Play Store.

Ni dai ban ga wanda ya fita da farar riga ba. Epic ya ɗauki aikin da Play Store ke yi, ya kasa a abu na farko da mai wannan aiki ya kamata ya kiyaye, kuma hujjarsa ta neman kwana 90 ita kanta shaida ce a kansa, domin da ta Play Store aka bi, da gyaran ya isa wayoyi ba tare da jiran kowa ya buɗe komai ba. Google kuma, wanda ke asarar miliyoyi, ya bi manhajar abokin hamayya da fitila, ya kuma yi gaggawar shela. Biri ya yi kama da mutum. Amma ɓarakar gaskiya ce, ba ƙirƙira ba, kuma filin kowa da kowa da ya ba ta wurin zama ginin Google ne, ba na Epic ba.

Sai dai kada hayaniyar manyan ta rufe abin da ya fi taɓa mai waya. Harin nan yana buƙatar muguwar manhaja ta riga ta kasance a wayar tana jira. Shafin jabu ba ya buƙatar komai sai mutum mai gaggawa. A watan Satumba Epic ya ce cikin kwana 21 na farko mutum fiye da miliyan 15 sun girka fayil ɗinsa, kuma ya ɗauki mataki a kan shafuka 47 da ke ikirarin su ne Fortnite na Android. Miliyan 15 ɗin nan duk sun koyi darasi guda, cewa idan waya ta yi gargaɗi ana dannawa a wuce. A ganina wannan ya fi ɓarakar tsada, domin ita an toshe ta cikin kwana biyu, ɗabi'a kuwa ba a fitar mata da sabon zubi. Bayan 'yan shekaru muguwar manhajar FluBot ta yaɗu a Turai da wannan ɗabi'a kaɗai: saƙon tes ya ce kayanka na hanya, danna nan ka girka manhajar bibiya. Sai a 2022 'yan sandan ƙasashe 11 tare da Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, suka rushe ta.

To wanda ke da dalili na gaskiya fa? Dalilan suna nan da yawa. Akwai manhajar da ba a sa ta a ƙasarka ba, akwai wayoyin da ba su da Play Store sam, akwai kantin F-Droid da tun 2010 yake rarraba manhajojin da lissafinsu a buɗe yake ga kowa, akwai ma'aikatun da ke ba ma'aikatansu manhaja kai tsaye. Tunda karon farko ne ba shi da mai tsaro, a nan ya kamata duk lokacin ya tafi, kafin a sauke, ba bayan an sauke ba. Kai ne ka nemi fayil ɗin ko shi ya neme ka? Wanda ya zo ta saƙo, ta talla, ta ƙasan bidiyo, ko ta bakin wani a waya da ke cewa daga banki yake, ba ya buƙatar bincike, a share shi. Wanda ka nema kuma, adireshin mai manhajar za ka rubuta da hannunka, ka karanta shi harafi bayan harafi, domin na saman sakamakon bincike sau da yawa talla ce da aka biya. Idan mai manhajar ya wallafa zanen yatsan fayil ɗinsa, wato jerin haruffa da lambobi 64 na SHA-256, a kwatanta. Wanda ke da kwamfuta yana iya duba hatimin kansa da apksigner, manhajar Google ta duba hatimi, ya ga ko ya dace da na zubin da aka san na gaskiya ne. Wanda ba ya iya wannan yana iya ɗora fayil ɗin a shafin VirusTotal, inda injinan bincike da dama za su shinshina shi, da sanin cewa shirunsu ba wanke shi ba ne, sabuwar cuta ba su san warinta ba tukuna.

Shafukan da ke tara fayilolin APK ba duka suka zama ɗaya ba. APKMirror yana kwatanta hatimin abin da aka kawo masa da na asali kafin ya wallafa, kuma ba ya ɗaukar manhajar kuɗi da aka fasa. Amma mai tarawa ma yana iya kamuwa: a Afrilun 2021 aka gano mugun lissafi a cikin manhajar APKPure kanta, ya shigo ta kayan tallar da suka ɗauko daga wani. Kuma kada a ce Play Store tsarkakakke ne. CamScanner, da aka sauke fiye da sau miliyan 100, an kama shi da irin wannan cuta a Agustan 2019. Bambancin shi ne a can akwai mai cirewa da mai tura gyara.

Manhajar da aka yi wa kwaskwarima, wato wadda aka cire wa talla ko aka buɗe abin da ake biya, tana da alama da ba ta ɓoyuwa. Tunda an taɓa cikinta, hatimin asali ya karye, dole wanda ya taɓa ya buga nasa. Shi ya sa ake ce maka ka fara goge ta gaskiya, ko kuma ka ga ta zauna gefenta da wani sunan hukuma. Goge ta gaskiyar nan, a zahiri, cire abin da waya za ta kwatanta da shi ne, ka mayar da kanka karon farko da hannunka. A Agustan 2021 kamfanin tsaro na Kaspersky ya sami cutar Triada a cikin FMWhatsApp, ɗaya daga cikin irin waɗannan. Idan waya ta ce fayil ya ci karo da wanda ke ciki, aikinta take yi.

Bayan an girka, saura biyu. A koma saiti a kashe izinin girkawa da aka ba burauza ko manhajar fayiloli. Sannan a sa ido a kan abin da sabuwar ke nema. Izini uku ne ɓarayin asusun banki ke farauta: karanta saƙonnin tes, karanta sanarwa, da hidimar da aka yi domin masu lalurar gani ko motsi, wadda ke ba manhaja ikon ganin allo da dannawa a madadinka. Wasa ko manhajar kallon bidiyo ba ta da abin yi da ko ɗaya. A tuna kuma manhajar da aka girka da hannu ba lallai ta sabunta kanta ba, irin matsalar da ta sa Epic roƙon kwana 90.

Wani abu da ke rikita mutane yanzu: tun Agustan 2021 sababbin manhajojin Play Store ba dunƙule ɗaya suke zuwa ba, ana yanka su gunduwa-gunduwa gwargwadon ƙirar waya da harshe da girman allo. Wanda ya kwafo gunduwa ɗaya daga wayar wani zai ga ta ƙi girkuwa ko ta buɗe ta mutu. Ba cuta ba ce, fayil ne bai cika ba.

Kowace kafa da jabun cikin bidiyon injiniyan Google ta bi, an bi ta an toshe, sai dai a hankali. Android 10 da 11, a 2019 da 2020, suka rage wa manhajoji ikon yawo a filin kowa da kowa. Android 13 a 2022 ya sa wa manhajar da aka girka daga fayil shinge kafin ta sami hidimar masu lalura ko karanta sanarwa. Android 14 a 2023 ya daina karɓar manhajar da ke ikirarin mataki na 22 ko ƙasa, shekara biyar bayan rahoton. Play Protect, mai gadin manhajoji da Google ya sa a wayoyin Android, ya fara binciken lissafin baƙuwar manhaja nan take kafin a girka, kuma a Fabrairun 2024 aka fara gwaji a Singafo na hana girka fayil daga intanet idan yana neman waɗancan izini masu haɗari. Duk wannan yana amfanar mai sabuwar waya ne. Mai tsohuwar da aka daina aiko wa sabuntawa yana nan a 2018.

Epic kuwa ya yi kimanin wata 20 a waje, sannan a Afrilun 2020 ya kai Fortnite Play Store yana gunaguni, yana cewa gargaɗin da ke fitowa a kowane mataki yana korar mutane. Ranar 13 ga Agustan 2020 ya sa hanyar biyan kuɗi tasa a cikin wasan, Google da Apple suka cire shi a ranar, shi kuma ya maka su a kotu. Ranar 11 ga Disambar 2023 masu taimaka wa alƙali a San Francisco suka yanke cewa Google ya yi babakere ba bisa doka ba, a Oktoban 2024 alƙali James Donato ya umarce shi ya buɗe wa wasu kantuna hanya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a Yulin 2025. A tsakani Epic ya kai Samsung ma ƙara a kan Auto Blocker, wani tsari mai hana girka manhaja daga waje, wanda ke zuwa a kunne a sababbin wayoyinsa, yana cewa sai mutum ya bi matakai 21 kafin ya girka kantin Epic. Samsung ɗin da a 2018 ya ba shi hanyar girkawa ba tambaya ko ɗaya.

A Agustan 2025 Google ya taɓo ainihin gurbin, wato karon farkon nan da ba shi da mai tsaro. Ya sanar cewa daga Satumban 2026, a Brazil da Indunusiya da Singafo da Thailand, sannan sauran duniya daga 2027, wayoyin Android masu rajistarsa ba za su girka manhaja ba, ko daga ina ta fito, sai mai ita ya tabbatar wa Google ko shi wane ne ya kuma yi rajistar mabuɗinsa. Wato hatimi zai fara ɗaukar suna, kuma Google ne mai riƙe da littafin sunayen. F-Droid ya ce wannan zai iya kashe aikinsa gaba ɗaya. Da ƙorafi ya yi yawa, a Nuwamban 2025 Google ya ce zai bar wata hanya ga waɗanda suka san abin da suke yi su girka manhajar da ba a tantance mai ita ba, hanyar da za ta bi ta cikin gargaɗi, mai waya ya karanta ya danna da kansa.